Mai Haƙa Rami da Mai Hankaɗawa: Ɓarnar Shugabannin Amurka da ta Masu Kamun Ƙafa

  

Mas'alar da za mu tattauna a wannan zama tambaya ce da su kansu Amurkawa suka daɗe suna jayayya a kanta. Tsakanin shugaban ƙasa da ke kan karaga, da kamfanoni da ƙungiyoyin da suka kewaye gwamnati suna neman biyan buƙatun kansu, wa ya fi yi wa jama'a ɓarna? Wasu sun ce shugaba, domin shi ke sa hannu, shi ke ba soja umarni. Wasu kuma sun ce shugaba hoto ne kawai, akalar tana hannun masu kuɗi. Na zaɓi in tsaya a kan Amurka saboda dalilai biyu. Na farko, kotunanta da kwamitocin majalisarta sun tono da yawa daga cikin waɗannan al'amura, an kuma buɗe takardun sirri bayan shekaru, saboda haka muna da hujjar da za mu dogara da ita. Na biyu, abin da aka yanke a birnin Washington yana isa nesa. Za ku ji yadda sunayen Nijar da Cadi da Nijeriya suka shigo cikin labarin.

MA'AUNIN DA ZA MU AUNA DA SHI

Malaman fiƙihu suna da wata ƙa'ida a babin lamuni da diyya wadda za ta taimaka mana. Sun rarrabe tsakanin mubashir, wato wanda ya aikata ɓarna da hannunsa, da mutasabbib, wato wanda ya shimfiɗa sababin aukuwarta. Misalin da suka saba kawowa shi ne: wani ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa haƙƙi ba, wani kuma ya zo ya hankaɗa mutum ciki. A nan hukunci yana kan mai hankaɗawa. Amma idan babu wanda ya hankaɗa, mai wucewa ne ya afka da kansa cikin duhu, to lamunin yana kan mai haƙa ramin. Haka nan idan shaidun zur suka yaudari alƙali har ya zartar da hukunci a kan marar laifi, sa'an nan suka dawo suka amsa cewa ƙarya suka yi, to alhakin yana komawa kansu. Ku riƙe waɗannan surori uku, domin da su za mu auna.

Su wane ne masu kamun ƙafa? Su ne wakilan da kamfanonin makamai, da na mai, da na magani, da bankuna, da manyan manoma, da sauran masu wata maslaha ta musamman suke biya domin su zauna a Washington suna bin 'yan majalisa da jami'an gwamnati. Aiki ne da doka ta halatta a can, har rajista ake yi. A shekarar 2023 kuɗin da aka bayyana an kashe a wannan aiki ya haura dala biliyan 4, masu rajista kuma sun fi 12,000. 'Yan majalisar dokokin ƙasar gaba ɗaya 535 ne. Ke nan kowane ɗan majalisa ɗaya akwai fiye da mutum 20 da aka ɗauka domin su karkato da ra'ayinsa.

Hanyoyinsu uku ne. Ta farko kuɗin yaƙin neman zaɓe, wanda ƙofarsa ta ƙara buɗewa a watan Janairu na 2010, lokacin da Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke cewa ba za a ƙayyade wa kamfanoni da ƙungiyoyi abin da za su kashe da kansu wajen tallata ɗan takara ko sukarsa ba. Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta biyu ita ce kawo wa ɗan majalisa bayanai da ƙididdiga, wani lokaci har da daftarin doka a rubuce. Ta uku ita ce musayar kujeru: jami'in gwamnati ya sauka yau, gobe kamfanin da yake sa wa ido ya ɗauke shi aiki, ko kuwa ma'aikacin kamfani ya wayi gari shi ne minista.

ƁARNAR SHUGABANNI

Bari mu fara da mai hankaɗawa. A watan Agusta na 1964 gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta sanar cewa jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun kai wa na Amurka hari sau biyu a mashigin ruwan Tonkin. Cikin 'yan kwanaki majalisa ta miƙa masa ikon yaƙi. A Majalisar Dattawa mutum biyu ne kacal suka ƙi. Wani binciken hukumar leƙen asirin sadarwa ta ƙasar, wanda aka buɗe a 2005, ya nuna cewa hari na biyun bai auku ba. Kafin wannan yaƙi ya ƙare a 1975, sojojin Amurka fiye da 58,000 sun mutu, mutanen Biyetnam kuwa da suka halaka sun haura miliyan ɗaya nesa ba kusa ba.

Misali na biyu ya shafi maƙwabtanmu. A ranar 28 ga Janairu, 2003, Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce gwamnatin Ingila ta samu labarin Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyam daga Afirka. Ƙasar da ake nufi ita ce Nijar. Alhali tun a watan Fabrairu na 2002 hukumar leƙen asiri ta CIA ta aika tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya dawo ya ce da wuya a ce an yi wannan ciniki. A ranar 7 ga Maris, 2003, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, Muhammad al-Barada'i, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. Ba a cika mako biyu ba aka afka wa Iraƙi. A 2004 masu binciken da Amurka ta tura da kanta suka ba da rahoto cewa ba su samu tarin makaman ƙare-dangin da aka yi yaƙin dominsu ba. Sojojin Amurka kusan 4,500 sun mutu, dubban ɗaruruwan Iraƙawa sun rasa rayukansu, miliyoyi sun bar gidajensu, kuma daga cikin wannan rugujewa ne ƙungiyar Da'ish ta tsiro.

Ku lura da siffofin wannan ɓarna. Tana zuwa da sauri, tana da ranar farawa, kuma tana da sunan mai ita. Babu kamfanin da zai iya tura runduna ta ƙetare teku. Mutum ɗaya ne yake da wannan iko. Amma kuma tana da iyaka. Tun 1951 kundin tsarin mulkinsu ya hana a zaɓi mutum ɗaya shugaba fiye da sau biyu. Fushin jama'a ya sa Johnson ya janye daga takara a 1968, jam'iyyar Bush kuma ta rasa rinjaye a majalisun biyu a 2006.

ƁARNAR MASU KAMUN ƘAFA

Yanzu mu duba mai haƙa rami. Babu misalin da ya kai na taba sigari bayyana. A 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka wallafa binciken da ya danganta shan taba da ciwon dajin huhu. A watan Disamba na 1953 shugabannin manyan kamfanonin taba suka haɗu a wani otal a birnin New York tare da wani kamfanin gyaran suna, suka fitar da dabara: ba sai sun tabbatar taba lafiya ce ba, ya isa su jefa shakka a zukatan mutane. A Janairu na 1954 suka buga sanarwa a jaridu fiye da 400 suna cewa ba a tabbatar da cutarwar ba, za su kuma ɗauki nauyin bincike. A 1964 babban likitan gwamnati ya fitar da rahoton da ya tabbatar da cutarwar. Duk da haka, a watan Afrilu na 1994 shugabannin kamfanoni bakwai suka ɗaga hannu suka rantse a gaban kwamitin majalisa cewa a saninsu sinadarin nikotin ba ya kama mutum. Takardunsu na cikin gida da suka fito daga baya sun nuna cewa tun 1963 babban lauyan ɗaya daga cikinsu ya rubuta akasin haka. Ga shaidar zur tsagwaronta.

A 1998 kamfanonin suka amince za su biya jihohi 46 dala biliyan 206 a cikin shekara 25. A 2006 wata alƙaliyar kotun tarayya, Gladys Kessler, ta yanke cewa sun haɗa baki sun yaudari jama'a shekara da shekaru. Amma sai a 2009 aka yi dokar da ta ba hukumar abinci da magunguna ikon sa ido a kan taba. Daga Eisenhower, wanda a zamaninsa aka yi taron otal ɗin nan, shugabanni goma ne suka hau suka sauka kafin Obama ya sa hannu a wannan doka. Rahoton babban likitan gwamnati na 2014 ya ce Amurkawa fiye da miliyan 20 ne taba ta kashe tun daga 1964, kuma ya ƙiyasta mutuwar kimanin 480,000 a kowace shekara. Ku kwatanta da 58,000 na dukan yaƙin Biyetnam. Adalci ya wajabta mu ce ba dukan waɗannan rayuka ne a wuyan kamfanoni ba, domin mai sha ma yana da nasa zaɓin. Sai dai kowace shekara da suka saya ta hanyar ƙarya da jinkirta doka, wasu dubban matasa sun fara sha, kuma daga cikinsu waɗansu sun mutu.

Misali na biyu na magani ne. A 2003 aka yi dokar taimaka wa tsofaffi sayen magani, aka cusa mata wani sashe da ya hana gwamnati yin ciniki da kamfanoni a kan farashi, alhali ita ce babbar mai biya. Ɗan majalisar da ya shugabanci kwamitin da ya tura dokar, Billy Tauzin, ya bar majalisa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magani a 2005. Wannan hani ya zauna daram har 2022, lokacin da aka yarda a yi ciniki a kan wasu 'yan magunguna.

Na uku ya taɓo manomanmu. A farkon shekarun 2000 manoman auduga na Amurka, waɗanda ba su wuce kimanin 25,000 ba, suna karɓar tallafin da yakan haura dala biliyan 3 a shekara guda. Da wannan tallafi suke noma fiye da kima, farashi ya faɗi a kasuwar duniya, manomin Cadi da ke huɗa da garmar shanu ya sayar da audugarsa a wulaƙance. A 2003 ƙasashen Cadi da Mali da Burkina Faso da Benin suka kai kuka gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ƙasar Birazil ta kai ƙara ta kuma yi nasara a 2004, aka tabbatar da hukuncin a 2005. To me ya faru? Ƙarfin manoman audugar a majalisa ya kai inda a 2010 gwamnatin Obama ta gwammace ta riƙa biyan Birazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara a maimakon ta soke tallafin nan take, har aka rufe maganar da biyan dala miliyan 300 a 2014. Bush ya tarar da ramin, ya ƙara masa zurfi da dokar noma ta 2002, Obama kuma ya biya kuɗi domin a bar shi a buɗe.

INDA HANNAYEN BIYU SUKA HAƊU

Mafi munin ɓarna ita ce wadda mai haƙa rami da mai hankaɗawa suka yi tarayya a cikinta. A ƙasar Gwatemala kamfanin ayaba na United Fruit shi ne ya fi kowa mallakar ƙasa, mafi yawanta kuma ya bar ta saura. A 1952 zaɓaɓɓen shugaba Jacobo Arbenz ya yi dokar raba wa talakawa filayen da ba a nomawa, ya ce zai biya diyya gwargwadon ƙimar da masu filayen suka bayyana da kansu wajen biyan haraji. Kamfanin ya bazama a Washington yana yayata cewa kwaminisanci ya shigo. Sakataren harkokin waje John Foster Dulles da ƙaninsa Allen Dulles, shugaban CIA, dukansu sun fito ne daga ofishin lauyoyin da ya yi wa kamfanin aiki. Shugaba Eisenhower ya ba da izini, a watan Yuni na 1954 aka tumɓuke Arbenz. Masana tarihi sun saɓa a kan wanne ya fi nauyi, matsin kamfanin ko tsoron Tarayyar Sobiyat. Ba su saɓa a kan abin da ya biyo baya ba. Daga 1960 zuwa 1996 ƙasar tana cikin yaƙin basasa, wanda kwamitin bincike ya ƙiyasta ya ci mutum kimanin 200,000 tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda suka ɓace.

Abin mamaki, wannan Eisenhower ɗin, janar ɗin da ya jagoranci rundunar ƙawance a Turai a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne ya yi wa al'ummarsa gargaɗi a jawabin bankwana ranar 17 ga Janairu, 1961, cewa su yi hattara da haɗakar rundunar soja da masana'antun makamai, kada ta samu tasirin da ba ta cancanta ba a majalisun gwamnati. Ya faɗi haka saura kwana uku ya sauka, bayan shekara takwas yana riƙe da alƙalamin. Gargaɗin kuwa ya tabbata. James Mattis ya zama ministan tsaro a 2017 daga kujerar darakta a kamfanin General Dynamics. Mark Esper, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2019, tsohon jagoran kamun ƙafa ne na kamfanin Raytheon. Lloyd Austin, wanda Biden ya naɗa a 2021, shi ma daga hukumar daraktocin Raytheon ya fito. Jam'iyya ta sauya, shugaba ya sauya, ƙofar da ministoci ke shigowa ba ta sauya ba.

Haka Dick Cheney ya shugabanci kamfanin Halliburton daga 1995 zuwa 2000, ya zama mataimakin Bush a 2001, a 2003 kuma reshen kamfanin mai suna KBR ya samu kwangilar gyara rijiyoyin man Iraƙi ba tare da gasa ba. Wannan KBR ɗin ne ya amsa laifi a kotun Amurka a 2009 cewa shi da abokan haɗin gwiwarsa sun shirya ba jami'an Nijeriya cin hanci na kimanin dala miliyan 180 domin kwangilolin masana'antar iskar gas ta Bonny, waɗanda aka bayar tsakanin 1995 da 2004. An ci shi da uwar kamfanin tarar dala miliyan 579. Ku duba waɗannan shekaru da kyau: sun ratsa mulkin soja sun shiga na farar hula, gwamnatoci uku, cinikin bai tsaya ba.

HUKUNCI

To, 'yan'uwa, idan muka ɗora su a kan ma'auni me za mu gani? Ta fuskar sauri da tsanani, shugaba ya fi, domin a dare ɗaya yana iya rusa ƙasa. Ta fuskar daɗewa, masu kamun ƙafa sun fi, domin ba su da wa'adi, ba a zaɓe su ba balle a kayar da su. Ta fuskar bayyana, ɓarnar shugaba kowa yana ganinta a labarai, tasu kuwa tana ɓoye cikin sashe na kaza na dokar da ba wanda ya karanta, waɗanda ta kashe kuma ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa a gadon asibiti. Ta fuskar hisabi, Nixon ya yi murabus a 1974 saboda abin kunyar Watergate, amma cikin mutum bakwai ɗin nan da suka rantse a 1994 babu ko ɗaya da aka ɗaure. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne, idan aka tara shekaru aka lissafa, ɓarnar masu haƙa rami ta fi yawa kuma ta fi wuyar gyara.

Sai dai kada wani ya fahimci cewa wannan ya wanke shugaba. Ƙa'idar da muka fara da ita ta ce idan su biyun suka haɗu, hukunci yana kan wanda ya aikata da hannunsa. Alƙalin da shaidun zur suka yaudara yana da uzuri ne kawai idan bai sani ba. Wanda aka gaya wa takardun jabu ne, ya ci gaba, ba shi da wannan uzuri. Kuma babu shugaban da aka ɗora wa wuƙa a wuya. Kwaɗayin zarcewa ba ya cikin abin da malamai ke kira tilastawa. Tarihinsu ma ya nuna ana iya ƙi. A 1906 gwamnatin Theodore Roosevelt ta kai ƙarar kamfanin Standard Oil na Rockefeller, wanda ya mamaye kasuwar mai, a 1911 Kotun Ƙoli ta tsaga shi zuwa kamfanoni 34. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka masu cewa shugaba ne kaɗai matsala sun yi kuskure, domin za su sauya mutum su bar ramin, su dawo bayan shekara huɗu suna mamakin yadda ba abin da ya sauya. Masu cewa shugaba hoto ne kawai su ma sun yi kuskure, kuma nasu ya fi haɗari, domin sun ba kowane mai mulki uzuri tun kafin ya nema, sun kuma koya wa jama'a yanke ƙauna.

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zama ɗabi'a ce ta tambaya. Duk lokacin da kuka ji an yi doka, ko an ba da kwangila, ko an yafe wa wani haraji, ko an shiga yaƙi, a kowace ƙasa ce, ku tambayi abu uku. Wa ya sa hannu? Wa ya ci riba? Kuma wannan da ya ci riba, yana nan tun zamanin wanda ya gabata? Amsar ta farko tana cikin jarida. Ta biyu da ta uku sai an yi karatu, an bi kasafin kuɗi, an san su wa suka ɗauki nauyin takarar wane, an kuma lura da inda jami'i ya nufa bayan ya sauka. Aiki ne mai wahala, kuma ɗalibai da malamai ne ya kamata su ɗauke wa sauran jama'a shi, su riƙa bayyana musu da hujja, ba tare da ƙage ko ƙari ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya kare raunana daga zaluncin masu ƙarfi.